Igiyar Wuyan Kajri

…kuma ba ta tuƙa. Abin da ya fi tsaya wa Sugiya a rai ke nan. Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa ganin bakin saniyarsu Kajri a tsaye ba, ko gyangyaɗi take yi muƙamuƙin nan na juyawa a hankali, kamar tsohuwa mai jan carbi. Yau ya tsaya. Saniyar na kwance a gefe guda, ba irin kwanciyar da ta saba ba, ƙafafu a miƙe, wuya a shimfiɗe cikin laka. Ciki na hawa… yana hawa… sai ya daɗe kafin ya sauka.

Igiyar kuma tana wuyanta.

Sugiya na zaune kan buhu a rumfar bayan gida, inda mace ke zama in al'adarta ta zo. Kwanonta daban, moɗarta daban. Ba ta shiga madafa, ba ta taɓa randa, ba ta raɓar ɗoɗɗoyar da ake kunna wa fitila a tsakar gida. Balle saniya. Saniya ma ta fi su duka. Ga ta can kusa, da za ta miƙe, kafin ta gama gyara lulluɓi ta isa turken. Amma miƙewar fa?

Gida babu kowa. Tun da sassafe suka tafi dashen shinkafa can bayan madatsar ruwa, Maji surukarta a gaba, shi kuma a baya ɗauke da damman iri a ka. Shi. Baijnat. A zuci ma sai ta waiga kafin ta faɗi sunan, da baki kuwa ba ta taɓa ba, matar kirki ba ta kiran sunan miji. Ba za su dawo ba sai rana ta karkata. Unguwar duka tana can cikin ruwa har gwiwa, ba a bar kowa ba sai kaji da ita.

Ki tashi mana, Uwa. Ki ɗaga kai ko kaɗan ne. Kin saba ai, da kin ji ƙarar ƙarau ɗin hannuna sai ki juyo da kunne…

Kunnen bai motsa ba.

Baffa Mangru. Kai a aske fes, ƙafa ba takalmi, igiya a rataye a wuya har tana jan ƙasa. Tana ƙarama a lokacin, a garinsu, tana leƙe ta bayan sari, zanen mahaifiyarta. Ƙanen babanta ne, mai ba su tatsuniya, mai kwaikwayon muryar kowa har da ta Fandit, malamin bautarsu. Kasuwa ya tafi, kafin ya dawo saniyarsa ta mutu a turke. Dattawa suka zauna ƙarƙashin ceɗiya, Fandit a tsakiya, tambaya ɗaya tak aka yi masa. Ba a ce me ta ci ba, ba a ce shekarunta nawa ba. "Mangru, da igiya a wuyanta ta cika?" Ya sunkuyar da kai. Shi ke nan. Saniya uwa ce; wanda ya bar uwa ta mutu a ɗaure, shi ya kashe ta. Igiyar nan ita aka rataya masa. Ba ya magana irin ta mutane, ba ya kwana ƙarƙashin rufi, ba ya ɗiba a rijiyar gari. Gari gari, ƙofa ƙofa, in ya tsaya sai ya yi kuka irin na saniya har a fito a ba shi abin da aka ba shi, haka har ya kai kogin Ganga mai tsarki ya yi wanka. Ƙofarsu ya fara tsayawa. Kukan nan — ba kwaikwayo ba ne, shi da ya iya kwaikwayo. Mahaifiyarta ta zuba masa shinkafa daga sama, don kada hannu ya taɓa hannu, ba ta dubi fuskarsa ba. Ya dawo bayan damina, ƙashi da fata, aka ciyar da gari, aka ce ya tsarkaka, ya yi magana. Ya yi. "I." "A'a." "To." Tatsuniya dai ba a ƙara ji ba.

Maigida ake rataya wa. A gidan nan maigida shi ne, tun rasuwar mahaifinsa.

Shi, da igiya? Shi da ko abinci yake ci bakinsa bai huta ba? Da yana yi wa bauna hira a gona, yana yi wa keke faɗa in sarƙa ta zame? Ita kuma ya ce mata, "Ke, bakin nan naki haya kika bayar ne? Nawa ake biyanki a wata?" Ranar da ta fara ce masa abinci ya sauka, da muryar da ita kanta da ƙyar ta ji, sai ya yi tsalle ya fita tsakar gida. "Maji! Maji, fito da mazarƙwaila a raba wa unguwa, amarya ta yi magana!" Maji na ce masa ya rufe wa mutane baki, marar kunya, ita kuma tana cikin lulluɓi tana cizon gefen sari kada dariya ta fito…

A hana wannan bakin magana. A ce ya tsaya ƙofar mutane ya yi —

A'a. Kajri ba mutuwa za ta yi ba. Gajiya ce. Tsufa ne da sanyin damina. Bara ma ta kwanta haka, aka dafa mata mazarƙwaila da citta, ta tashi. Bara dai tana tuƙa.

Ruwa na ɗiga daga bakin rufi, ɗis… ɗis… cikin tsohuwar tukunya. Ba mai ƙarfi ba ne, yayyafi ne irin wanda ba ya fara ba ya ƙarewa. Duk daren jiya haka ya yi, igiyar ramar nan ta sha ta ƙoshi, ta kumbura, ƙullin ya koma kamar dunƙulen hannu. Maji ce ta ƙulla, sau biyu, da fushi. Da ba a ɗaure Kajri, tsohuwa ce, ina za ta? Sai jiya ta bi ƙamshi ta shiga gadon irin maƙwabta ta share rabi. Batasiya matar gidan ta hau kan katanga har sarinta na zamewa. "Uwar taku ta cinye mana iri! In uwa ce ku sa ta a ɗaki ku shimfiɗa mata katifa mana!" Maji ba ta ko ɗaga kai daga tsintar shinkafa ba. "Albarka ta kai muku har gida, ba ku biya ko sisi ba. Gonarku ta taɓa ganin baƙo mai daraja irin wannan?" Amma da yamma ta ɗauko igiya. Tana ƙullawa tana ba ta haƙuri, "Ki yafe ni, Uwa, kwana biyu ne, har a gama dashe," ta taɓa goshin saniyar ta taɓa nata.

A kira wani. Batasiya ma, ko wa. Sugiya ta buɗe baki.

"Akwai… akwai kowa?"

Ko kajin ba su waigo ba. Wannan ce muryar? Ina sauran ta tafi? A gidansu tana kiran awaki daga bakin rafi su ji. Nan kuwa tun ranar da ta tsallako ƙofa aka ce amarya ba a jin muryarta a waje, ta naɗe ta ta ajiye, yanzu ta neme ta ta rasa inda ta sa. Ta sake gwadawa, da ƙarfi wannan karon, har maƙogwaro ya yi zafi. Shiru. Kwaɗi kawai, can wajen kududdufi.

A ruga gona? Ita kaɗai, cikin kwanakin nan, ta ratsa gaban ɗakin bauta, ta bi ta kan kunyoyi… ba ta ma san wace ce gonarsu ba, sau ɗaya aka taɓa kai ta. Kafin ta je, kafin su zo. Cikin nan da ke daɗewa kafin ya sauka ba zai jira ba.

Gurasar safe na nan gaban hancin Kajri, ta jiƙe, tururuwa sun kewaye ta. Gurasar farko kullum tata ce, kafin maigida, kafin kowa. Aikin Sugiya ne, aikin da ta fi so a gidan nan: ta ɗora ɗan gutsuren mazarƙwaila a kai, ta kai mata da hannu biyu. Harshen nan mai kaushi, numfashi mai ɗumi da ƙamshin ciyawa. Nan take magana. Duk abin da ba ta faɗa wa kowa ba Kajri ta ji shi — cewa gishirin gidan nan ya yi yawa, cewa tana kewar ƙanwarta, cewa watan nan ma ta ɗauka ko an dace, sai ga jini. Yau Maji ce ta ajiye mata a gurguje, suna sauri, ba ta tsaya ta ga ko ta ci ba.

Nono kuwa ta daina bayarwa tun kafin a auro Sugiya. Wani dillali ya taɓa zuwa, mai jan rawani da haƙori ɗaya na zinariya, yana zagaya ta yana latsa cinya. Wai gidan hutun shanu zai kai ta. Kowa ya san inda motocinsu ke nufa. Maji ta ɗauko tsintsiya. "Je ka sayar da taka uwar tukuna, in ta yi kuɗi ka dawo mu yi ciniki! Nonon wannan ne ya tashi ɗana lokacin da zazzaɓi ya mai da shi kamar kara. Don ta tsufa? Ni ma na tsufa, nawa za ka saye ni?" Shi kuwa yana daga ƙofa yana cewa, "Maji, kada ki tambaya, in ya faɗi kuɗi mai kyau fa?" Tsintsiyar a bayansa ta ƙare.

Ƙafar baya ta yi wata irin shura, sau ɗaya, ta koma ta kwanta.

Sugiya na tsaye. Yaushe ta tashi? Laka mai sanyi tsakanin yatsun ƙafa. To, turke ai ba saniya ba ne. Itace ne. Ba wanda ya taɓa cewa kada a taɓa turke. Ta durƙusa nesa-nesa, ta miƙa hannu, ta zare madaukin daga kan turken. Ya fita ba wuya. Ga shi, ba a ɗaure take ba yanzu, ko? Ta sake ta. In ta ga dama ta tashi ta tafi har gadon irin Batasiya…

"Da igiya a wuyanta ta cika?"

Ba turke ya tambaya ba. A wuyanta, ya ce.

Sanda. Akwai gora jingine da bango. Ta sa bakin gorar a ƙullin tana turawa, a hankali, kada ta soki fata. Ƙullin na juyawa da wuyan gaba ɗaya, ba ya saki. Idon Kajri na buɗe, babba, baƙi, da ɗigon ruwa a gashin ido. Ba gorar take kallo ba. Wuƙa fa? Tana madafa, madafa kuwa… Ko da ta shiga. Ƙarfe a wuyan saniya, igiya ta nutse cikin fata haka? Ɗigon jini ɗaya ya fi igiyar muni. Wannan ko Ganga sai ta yi tunani.

Saura hannu.

Tulun mangwaron nan. Watanta na biyu a gidan, ba ta ma san abin ya zo ba sai daga baya, ta ɗaga tulun da aka jiƙa mangwaro da mai da yaji ta kai shi rana. Na shekara guda ne. Maji ba ta daka mata tsawa ba, da ma ta yi. Ta ɗauki tulun ta kai bayan gida ta juye, tana kallo yana gangarawa cikin kwata, sannan ta ce, a hankali, "Amarya, a gidanku ba a koya muku ba ne?" Mangwaro ke nan. Mangwaro kawai.

Saniya kuwa duk alloli a jikinta suke zaune. Maji ta nuna mata tun makon farko, tana bi da yatsa ba tare da ta taɓa ba: nan tsakanin ƙahoni, nan a tozo, rana a ido ɗaya wata a ɗaya, koguna masu tsarki duka suna gudana a ciki. Lakshmi, allahiyar arziki, ita ce ta makara, ta zo ta tarar kowa ya kama wuri, ta ce ko ina ne a ba ta, aka ce saura kashi, ta ce ta karɓa. Shi ya sa ake shafe daɓen gida da shi kowace safiya, arziki ake shimfiɗawa. To in hannu marar tsarki ya sauka a kanta yanzu, a wannan sa'ar? Tashi za su yi, fir, kamar tsuntsaye daga bishiya in an jefa dutse? Ta tafi ita kaɗai, fanko, ba mai raka ta? Ita da mutane ke kama wutsiyarta su haye kogin da ke bayan mutuwa — ita wa za ta kama?

Ko ruwan Ganga ba za ta iya ɗiga mata a baki ba. Yana can cikin 'yar butar tagulla, kusa da gumaka. Ko ganyen ɗoɗɗoya ɗaya.

Inna, ke da kin san komai, ba ki taɓa gaya mini wannan ba. Kin ce kada in yi dariya da ƙarfi, kada in ci kafin su ci, kada in zauna sama da suruka. Ba ki ce in laifi biyu suka tsaya a gabana wanne zan ɗauka ba. Ɗaya nawa, ɗaya nasa. Nawa — wataƙila a ce in tattara in koma gida, in zauna kusa da ke mutane na tambaya. Wataƙila Maji ta daina karɓar ruwa daga hannuna har abada. Nasa kuwa… ƙofar Batasiya zai fara tsayawa. Ita ce ta fi kusa. Ta fito ta same shi, kai a aske, ya buɗe baki…

Ta tura ƙarau ɗin sama har gwiwar hannu, su matse, kada ɗaya ya fashe. Matar da mijinta ke raye ba ta fasa ƙarau.

Ɗumi. Abin da ta fara ji ke nan. Ta ɗauka za ta ji wani abu ya tsarge ta, ko sama ta yi ƙara. Ɗumi ne kawai, da gashi jiƙaƙƙe, da wata jijiya da ke bugawa can ƙasa, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da ya san ba za a buɗe ba. Ba abin da ya tashi. Ko sun tashi ba ta gani ba? Yaya ake ganewa?

Ki yafe ni, Uwa. Ni ce. Kin san ni ai. Ba ni da tsarki yau, kin sani, ke da hancinki ya fi na kowa. Ki ɗan daure.

Ƙullin na ƙasa, wuyan ya danne shi. Sai an ɗaga kan. Nauyi — kai, ashe haka kan saniya yake da nauyi? Ta tura gwiwa ƙarƙashi, ta ja, ta zauna daɓas cikin laka, kan ya sauka a cinyarta. Ƙaho ɗaya na tokare da haƙarƙarinta. Numfashi na fita a kan tsintsiyar hannunta, ɗumi… sai shiru… sai ɗumi.

Farce ba ya shiga. Rama in ta sha ruwa ba ta san wanda ya ƙulla ta ba. Ta ja nan, ta tura can, farcen babban yatsa ya karye har nama. Ƙulli biyu, na sama ya hau na ƙasa. Maji ko ɗaurin buhu ta yi sai an sa wuƙa. Lulluɓi ya zame, ruwa na bin tsagar kanta, jar hodar da matan aure ke sawa a tsagar na gangarowa goshi, ba hannun da zai gyara. In wani ya shigo yanzu ya ga amaryar gidan nan kai a buɗe, rungume da… Su shigo mana. Da ma su shigo.

Haƙori. Ta sunkuya ta kafa haƙora a ƙullin. Ɗaci, ƙasa, gumin saniya. Fuskarta duka cikin fatar wuyan nan mai laushi, ba ta ganin komai, ba ta jin komai sai bugun jininta a kunne. Ja. Saki. Ja. Wani zare ya tsinke. Ja — na sama ya motsa. Ya motsa! Yatsa ya sami hanya. Na ƙasa bai yi gardama sosai ba, kamar ya gaji shi ma. Ta zaro igiyar ta ƙarƙashin wuya, tana zuwa, tana zuwa, doguwa kamar ba za ta ƙare ba, ta jefar da ita can iyakar ƙarfinta.

Shi ke nan. Ga wuyanki, Uwa, ba komai. Sai sawun igiyar, inda gashi ya kwanta. Ta sa tafin hannu tana shafawa, tana tayar da gashin. Ba wanda zai aske masa kai. Zai dawo da yamma da laka har cinya yana ba da labarin yadda wane ya faɗi a kunya, zai…

Cikin ba ya hawa.

Ta jira. Yakan daɗe ai. Ɗazu ma ya daɗe.

Ɗis… ɗis… cikin tukunya.

Ta kai tsintsiyar hannu gaban hancin. Iska ce kawai, mai sanyi. Jijiyar nan fa? Nan take. Ko nan? Ƙuda ya sauka a gefen idon, idon bai ƙifta ba.

Yaushe?

Lokacin da ta ɗaga kan tana numfashi, wannan ta tabbata, ta ji a hannu. Lokacin da farce ya karye… tana yi. Kamar tana yi. Sai ta sunkuya da haƙori, daga nan ba ta — akwai wani dogon huci da ya kaɗa mata gefen sari, ta ji shi. Wannan kafin ƙullin ya saki ne, ko da tana zaro igiyar? Ta mai da kanta baya, ta sake bi a hankali. Haƙori. Zare ya tsinke. Huci. A'a… huci, sannan zare. Ko huci biyu ne? Duk sanda ta bi sai ya sauya wuri.

Ba kowa a gidan. Ba wanda ya gani sai ita, ita ma fuskarta a binne take.

Za su zauna ƙarƙashin bishiya, Fandit a tsakiya. Ba shi za su tambaya ba, yana gona. Ba Maji ba. Za a ce a kira amarya. Ta tsaya cikin lulluɓi gaban mazan gari duka, ita da ko "abinci ya sauka" sai da aka yi shela, a ce ta faɗa, da hannunta a kan butar ruwan Ganga. Kalma ɗaya. In ta ce bayan an kwance ne, ya tsira. In ta ce ba ta sani ba…

Can nesa, ta wajen madatsa, waƙar masu dashe ta fara tasowa, suna tahowa gida. Akwai wata murya da ta fi sauran ƙarfi, tana ɓata waƙar da gangan, mata na yi mata tsawa suna dariya.

Ya kamata ta tashi. Ta koma kan buhu, ta gyara lulluɓi, ta wanke bakin nan. Ƙafar ta mutu ƙarƙashin kan, ba ta jin ta sam. Kan kuma ya ƙara nauyi, ya fi ɗazu. Har yanzu da ɗumi.

Huci, sannan zare. Zare, sannan…